Harawar gyaɗa ko ta wake, dawa ko gero: ina mai doki ɗaya zai zuba kuɗinsa da kakar nan?

Ƙanina ɗan Bappana ya sayi doki watan jiya, wani bikili ɗan shekara biyar, kuma tun ranar da aka ɗaure shi a turke wayata ba ta huta ba. Shekaranjiya ya same ni a gida bayan la'asar ya ce Hamma, kuɗin da suka rage min ba su da yawa, gobe zan shiga kasuwar Tudun Hatsi in zuba su duka a dawa, buhu nawa kake gani zai kai ni damina? Na ce toh harawa fa? Sai ya ce ai wannan a hankali za a rinƙa saye, dami biyu yau uku gobe. Na yi dariya kawai don ni ma haka na yi shekarar da na fara, kuma na ji a jikina. Abin da na faɗa masa ne zan maimaita a nan saboda na san irinsa suna da yawa a Gombe, matasa na ta sayen dawakai don kilisa da hawan angwanci da hawan sallah amma lissafin ciyarwa babu.

Kafin a zo maganar wane iri ya fi wane, akwai zaɓin da ya fi girma, wato tsakanin hatsi da harawa wanne za ka fara tarawa. Mu mutanen gari idan aka ce abincin doki hankalinmu kan hatsi yake tafiya, muna ganin harawa kamar abin taɓa baki ce. Alhali cikin doki ba haka aka yi shi ba. Tumbinsa ƙarami ne idan ka duba girman jikinsa, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, ainihin aikin narkewa can baya ake yinsa a babban hanji inda wasu ƙananan halittu ke dafa ciyawa a hankali, shi ya sa dokin da aka saka a daji zai wuni ya kwana yana tsinka kaɗan kaɗan ba ya cika ciki lokaci ɗaya. Sannan doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga kenan, in ya yi yawa ko ya lalace babu hanyar dawowa, sai dai ya kumbura shi. Hatsi in ya yi yawa a ci ɗaya yakan wuce zuwa babban hanjin nan bai narke ba, ya yi tsami a can, daga nan ciwon ciki ke tasowa, ko kuma ka wayi gari dokinka ya kasa taka ƙafafun gaba, kofato ya ɗau zafi, ya tsaya yana jingina nauyinsa baya kamar mai tsoron ƙasa.

Ga lissafin da na yi masa a bayan kwalin ashana. Dawakanmu na nan galibi ba su wuce kilo 300 zuwa 350 ba. Doki na cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a busasshen abinci kullum, kaga mai kilo 350 kilo 7 kenan, kuma aƙalla kilo 5 a ciki ya kamata ya zama harawa da ciyawa, sauran ne hatsi da dusa. Daga Nuwamba zuwa lokacin da ciyawa za ta kai yanka a Yuni wata 7 ne, kwana 210 a ce. Ka buga 5 sau 210, ya haura tan ɗaya. Hatsi kuwa in kilo 2 ne a rana, kilo 420, buhu huɗu da ɗoriya. Da ya ga tan ɗaya ɗin nan sai ya yi shiru. Kuma abin da ya sa nake cewa harawa a fara da ita, dawa ko a watan Mayu ka shiga Tudun Hatsi za ka samu, tsada ce kawai, amma harawa mai kyau a watan Afrilu ko da kuɗinka a hannu sai ka sha yawo, masu turkar ragunan layya da shanun kiwo sun riga sun kwashe, abin da ya rage a bakin Tike, kasuwar dabbobi, kara ne da ƙura.

Toh a harawar wacce? Nan ne mutane ke musu har jijiyar wuya.

Harawar gyaɗa ita ce ta fi farin jini wurin masu dawakai da yawa kuma ba a banza ba. Ganyenta ba ya kakkaɓewa da sauri, karanta siriri ne mai laushi, doki yana cinye ta kusan tas ba ya barin saura a komi, tana sa jiki da sheƙin gashi, kuma da yake a buhu ake dura ta ajiyarta da sauƙi, ka jera a ɗaki a kan katako ka rufe ƙofa. Amma aibinta biyu ne kuma duka a ƙasa suke. Gyaɗa tugewa ake yi da saiwa, saboda haka harawarta na zuwa da yashi, wani mai sayarwa ma da gangan ba ya kaɗewa don buhu ya yi nauyi. Yashin nan in doki ya daɗe yana haɗiya taruwa yake a hanji, wata rana ya toshe shi, mu kuma a Gombe dama ƙasarmu rairayi ce, wanda ke zuba wa dokinsa abinci a ƙasa ya haɗa biyu kenan. Na biyu, ragowar ƙananan gyaɗa da ke maƙale a jiki, in an tara da danshi su ne ke fara yin fumfuna. Ni in zan saya ba na yarda da saman buhu, hannu nake zurawa har gwiwar hannu in ciro ta tsakiya, in murza a tafin hannu in ga me zai zauna, in shinshina. Mai kyau koriya ce shar tana ƙamshi kamar ganyen shayi, wadda ruwa ya daka kuwa baƙi-baƙi take, in ka girgiza wata farar ƙura na tashi, wannan ko kyauta aka ba ka kar ka kai wa doki, tari za ta sa masa mai wuyar magani.

Harawar wake ita kuma naɗe take a dami, ba yashi sosai tunda yanka ake yi ko a tuge a kaɗe, kuma a ido kake ganin abin da ka saya ba a ɓoye a buhu ba. In an yanke ta da sauran ɗanyenta kafin ganye ya zube, wallahi ba ta da na biyu, doki har haniniya yake in ya hango ta. Matsalar ita ce ganyen wake in ya bushe kamar kwalba yake, ɗauka ɗaya sauke ɗaya ya ruguje, daga gona zuwa mota zuwa gidanka rabin amfanin ya zube a hanya ka biya kuɗin igiyar kara. Karan kuma kauri gare shi, doki zai tsince ganye ya bar maka sauran. Tana kuma cin wuri, sai rumfa ko saman ɗaki, in ka bar ta a rana wata uku ta yi fari fat. Wani abu da mutane ba sa tambaya: wake amfanin gona ne da ake yi wa feshin maganin ƙwari sau da yawa, in daga hannun manomi za ka saya ka tambaye shi yaushe ya yi feshin ƙarshe, in dab da yanka ne ka haƙura da ita.

Hukuncina, wanda ke cikin gari irin Jekadafari ko Bolari da ɗan ƙaramin fili, kuma saye zai yi a kawo masa daga nesa, ya ɗauki ta gyaɗa ta zama ita ce mafi yawa, amma ya sa yaro ya rinƙa kaɗe ta a kan raga ko tsohon rariya kafin a zuba a komi. Wanda ke da gonarsa ko ɗan uwa a ƙauye wajen Dukku ko Kumo da zai yanke masa a kan lokaci ya naɗe da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ta wake ta fi masa, ta fi tsafta kuma ta fi araha. Ni ina haɗawa ne, ta wake in fara ci da ita daga Nuwamba zuwa Janairu tun ganyenta na nan, ta gyaɗa in ɓoye ta sai zafi ya shigo. Kuma duka biyun ba su ne kaɗai ba, harawa zalla tana da ƙarfi, sai an haɗa da busasshiyar ciyawa irin burburwa ko harkiya da zai rinƙa tauna da dare, in ka samu gadagi kuwa ka ci riba. Dokin da ke kwana baki ba komai shi ne ke fara cin katako da ƙasa.

Sai hatsi. Dawa ce abincin dawakai tun zamanin kakanni a ƙasar nan kuma har yanzu ita nake zaɓa ta zama tushe. Tana ajiyuwa, ba ta saurin lalacewa kamar masara, ƙarfinta madaidaici ne. Fara ko kaura ta fi jar nan mai ɗaci-ɗaci da tsuntsu ma ke ƙi. Sai dai ƙwayarta tauri gare ta, in ka ba shi ɗanya yadda take, je ka duba kashinsa da safe za ka ga kaji na tsintar dawarka cif ba ta fashe ba, kuɗinka ne kaji ke ci. Ko dai ka kai inji a ɓarza ta, ɓarza fa ba gari ba, ko ka jiƙa da dare a ba shi da safe. Da zafin Maris kuwa kar jiƙon ya wuce kwana ɗaya, in ka ji ya fara warin tsami zubar.

Gero ya ɗan fi dawa maiƙo da gina jiki, shi ya sa in doki ya rame ko goɗiya na shayarwa tsofaffi ke cewa a koma masa gero, kuma na gani da idona yana tayar da doki. Amma ƙwayarsa ƙanana ce, mai haɗama haɗiye ta yake ba tauna, ga tsakuwa da yashi a ciki, ga shi kuna takara da masu fura da kunu da koko, musamman da azumi, azumi kuma na faɗowa daidai lokacin da kake son dokinka ya cika don ƙaramar sallah. Saboda haka gero a wurina na gyara ne, kashi ɗaya cikin uku na abin da zan auna, ba na kullum zalla ba.

Masara ita ce mai jan hankali don da kaka sau da yawa ta fi sauƙin kuɗi, ga ta da saurin sa ƙiba. Ita ce kuma na fi tsoro. Ta fi duka ƙarfi, ta fi duka saurin kawo tsamin cikin nan da na faɗa, kuma masarar da aka dura a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin wata fumfuna da dafinta ke taɓa ƙwaƙwalwar doki kai tsaye, za ka ga yana zagaye wuri ɗaya, yana dafa kai a bango, ya makance, kuma in ya kai nan da wuya ya tashi. Shanu da kaji sukan ci irin wannan masarar su wuce lafiya, doki ne ya fi kowa rauni a kanta, shi ya sa wani zai ce maka ai ni ina ba dabbobina ba abin da ya faru. In dole sai masara, ta zama tsabtatacciya wadda kai ma za ka ci tuwonta, ɓarzajjiya, kuma kaɗan a cikin dawa.

Bari in ba ku nawa labarin. Shekarata ta biyu da doki, saura kwana tara sallah na duba akawal ɗina na ga ƙashin haƙarƙari na leƙowa, ga abokai za mu hau tare a tawagar hakiminmu, kunya ta kama ni. Na ninka masa hatsi dare ɗaya, daga mudu ɗaya da safe ɗaya da yamma na koma uku uku, har da masara. Kwana na uku da misalin ƙarfe biyun dare na ji ana dukan ƙasa, na fito da tocila na same shi jiƙe sharkaf da gumi, yana tona ƙasa da ƙafar gaba, ya waiwaya ya kalli cikinsa, ya durƙusa ya tashi, ya sake durƙusawa zai yi birgima. Harawar da na zuba masa da magariba tana nan bai taɓa ba, kashi ko ɗaya babu a bayansa. Na ruga na buga wa wani dattijo maƙwabcinmu ƙofa, mutumin da ya yi shekaru yana kula da dawakai a bargar wani basarake. Ya zo ya kara kunnensa a kwiɓin dokin ya daɗe, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, sannan ya juyo ya ce ɗana me ka ba shi? Na faɗa masa. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kwance shi ka yi ta zagayawa da shi a hankali, kar ka bari ya yi birgima kusa da bango, kuma ka kira likita yanzu ba sai gari ya waye ba. Na ce Baba ko in ɗura masa man gyaɗa? Ya ce ka ɗura ya tafi huhu ka kashe shi da hannunka? Likitan dabbobi ya iso da asuba ya yi masa allura ya zura masa roba ta hanci har ciki, Allah ya sa da sauran kwana. Sallar nan a ƙasa na yi ta, ina tsaye a ƙofar fada ina kallon mutane a kan nasu.

Tun daga nan dokata ita ce ci ɗaya ba ya wuce kilo ɗaya da rabi na hatsi, in ana son ƙari a raba sau uku, kuma duk wani canji, ko ƙarin hatsi ko sabon iri ko shiga ɗanyar ciyawa farkon damina, a ja shi kwana 10 zuwa 14. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai mudun ma ka ɗora shi a sikeli sau ɗaya ka san nauyinsa don na wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba. Shirin sallah kuma wata biyu kafin nan ake farawa, tare da kilisa safe ko yamma, don hatsi ba motsa jiki kitse ne da rashin ji kawai.

Dusa fa? Tana da amfani, tana riƙe ciki in an dama ta da ruwa, ga sauƙin kuɗi. Tsakanin dusar surfe ta gida da ta alkama ta kamfani, ta alkama ta fi tsafta da daidaito, ta gida ta fi araha amma sai ka san gidan da ta fito don takan zo da tsami ko ƙasa. Abin kiyayewa kar dusa ta zama ita ce abincin. Ta alkama musamman tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, dokin da ya daɗe a kan dusa da hatsi ba harawa ƙashinsa ne ke biya, fuska ta kumbura ta sama da hanci, ya rinƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Harawar gyaɗa da ta wake su ke da kalsiyam ɗin da ke gyara wannan, kaga mun sake dawowa kanta. Abincin kaji na buhu da wanda aka haɗa don turkar shanu kuwa kar ya kusanci dokinka, akan sa wani magani a irinsu da kaza da saniya ke ɗauka lafiya amma kaɗan ɗinsa na tsayar da zuciyar doki. Angurya ma bar wa shanu. Gyauron dawa kuwa, sabon tohon da ke fitowa bayan girbi, yakan zama guba, kar ya ci.

Kanwa da gishiri ba sai an zaɓi ɗaya ba. Kanwa al'adarmu ce, 'yar kaɗan a ruwa ko a dusa lokaci lokaci ba laifi, amma ba ta maye gishiri, abin da doki ke zubarwa a gumi gishiri ne, cokali ɗaya zuwa biyu a rana cikin dusa ya isa ko ka rataye masa dunƙulen lasa. Ruwa kuma shi ne abin da ɗan Bappan nawa bai sa a lissafi ba sam. Lita 25 zuwa 40 a rana, da zafi ko bayan sukuwa ya haura haka, jarka biyu kenan ta 'yan garuwa kullum, a unguwar da famfo ke yi wa mutane rowa wannan kuɗi ne na gaske. Ka fara ba shi ruwa da harawa kafin hatsi, kuma busasshiyar harawa ba isasshen ruwa ita ce babbar hanyar toshewar ciki da sanyin hunturu, lokacin da ba ya son sha.

Sauran kulawa a taƙaice, a ƙwaƙule kofato kullum a gyara shi duk sati 6 zuwa 8, a share kashi da fitsari daga turke safe da yamma, inuwa dole. Maganin tsutsar ciki bisa shawarar likita. In ka ga yana zubar da abinci a dunƙule daga baki ko yana rama alhali yana ci, a duba haƙora, suna yin kaifi su yanki kumatu. Kaska a cire, amma maganin wankan shanu mai amitraz ba na doki ba ne, yana tsayar masa da hanji, ka karanta jikin kwalba ko ka tambaya. Da damina a yi hayaƙi da yamma saboda ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke kawo cutar dawakai mai kisa, sannan allurar tetanus don doki na saurin kamuwa da ita daga ɗan ƙaramin rauni.

Jiya da daddare ya kira ni ya ce Hamma na fasa, dawa buhu biyu kawai na saya da rabin buhun gero, sauran kuɗin na tura wa Kawu a ƙauye ya tara min ta gyaɗa. Na ce ɗakin da za ka zuba fa, ka gyara rufin da ke yoyo? Ya ce ai yanzu rani ne. Na ce ruwan farko a Afrilu ba ya sallama. Asabar za mu je da a-kori-kura mu ɗauko, na ce ya taho da tsohon gidan sauro don kaɗe yashi, ni zan zo da sikeli.